Muryar Inna a Tukunyar Iri

Na sha jinku, musamman in an taru da Sallah an kunna muryar Inna, kuna cewa Baba ya yi dabara da ya adana ta. Ina jin daɗin yabon, ba zan ɓoye muku ba, tsoho ma yana so a ce ya iya. Amma tunda na zauna rubuta muku abin da ya wuce, gara in mayar wa mai abu abinsa. Ni dai rakoda na riƙe, sai kuma jaka biyu da na ɗinka. Wadda ta sa kuke jin kakarku a yau ita ce Gwaggonku Habi ta Zango, matar da har ta koma ga Mahaliccinta ba ta taɓa ɗora yatsa a kan kwamfuta ba. Daga ita sai yayanku Bashir.

Shekarar da idona ya daina ganin kafar allura, na bar wa waɗanda na koya wa ɗinki shagona na bakin kasuwar Daura, na dawo gida na zauna. Zama kuwa bai karɓe ni ba. Mutumin da ya saba ƙarar keke tun safe, in ka ajiye shi a tsakar gida sai ya fara sa ido a kan man da ake zubawa a miya. Mahaifiyarku ta yi haƙuri har ta gaji, ta kira Bashir a Kano ta ce ya nemo wa ubansa abin yi kafin ya kore ta daga madafa. Bashir aikin kwamfuta yake yi a can, don haka da ya tashi zuwa sai ya taho min da wata tsohuwar kwamfutarsa da 'yar rakoda da ba ta wuce tsawon yatsa ba. Ya ce in riƙa zama da Inna ina ɗaukar hirarta. Ya nuna min yadda zan juye abin da na ɗauka a cikin kwamfuta, in goge rakodar don ta sami wurin ɗaukar na gobe, saboda cikinta kaɗan ne.

Inna a lokacin ƙafa ta ƙi, amma kai garau yake. Ranar farko ta kalli rakodar ta ce ita ba ta magana da ƙarfe. Rana ta biyu ta yi maganar, amma don ta gaya wa ƙarfen cewa ni tun ina yaro ba ni da aiki sai shisshigi. Daga nan bakinta ya buɗe. Kullum da hantsi in ɗauki tabarmata in zauna a ƙofar ɗakinta, ita kuma ta zuba: waƙoƙin niƙa da na daɓe, unguwarsu ta wajen Kusugu da waɗanda suka zauna a cikinta, shekarar da fara ta cinye gero, wane ya haifi wane, wace ce ta fi kowa iya dambu. In ta manta baiti sai ta yi shiru, ta ce kada in kashe, yana nan tafe. Na yi shekara sittin da wani abu ina ɗanta, amma a watannin nan na san ta.

Mutum ɗaya ce ba ta shiga hirar da sunanta. Yaya Habi ita ce 'yar farin Inna, kuma matan zamaninsu ba sa kiran sunan ɗan fari, ba sa yaba shi, ba sa nuna sun damu da shi a gaban mutane. Kunya ce, kuma Inna ta riƙe tata da ƙarfi fiye da kowa. Da Yaya tana budurwa "ke" ce, ko "yarinyar nan". Da aka kai ta Zango ta zama "ta Zango", a haka ta tsufa har ta yi jikoki. Ko sunan wata Habi ya faɗo a zance, Inna sai ta kewaye ta ce mai sunan ta Zango. Yaya ba ta taɓa kuka da wannan ba, ita ma haka ta yi wa nata ɗan farin. Amma ni na sha lura da ita in Inna tana sa mana albarka ɗaya bayan ɗaya da sunayenmu, sai ka ga ta sami abin kakkaɓewa a bakin zanenta.

Maganar ajiya Bashir ne ya fara tayar da ita. Ya ce kwamfutar nan ta tsufa, wata rana za a kunna ta ta ƙi tashi, kuma ba ta yin sallama. Sai ya haɗa min wani tsari da zai riƙa kwashe komai da kansa yana kaiwa ma'ajiya a intanet. Ya ce ba ruwana, in dai akwai data abin zai yi ta aikinsa. Ya ba ni lambar sirri mai haruffa da alamomi kamar rubutun likita. Na ce to, na yi godiya, amma raina bai kwanta ba. Ni tela ne, kayan da ban shafa da hannuna ba ban san ingancinsa ba.

Ana nan Yaya ta zo da kaka, kamar yadda ta saba, da ƙullin irinta. Wannan al'adar gidanmu ce tun kafin a haife ni. Inna tana amarya gobara ta taɓa cinye rumbunan gidan surukanta har da irin shuka, sai da suka bi gidaje suna roƙon abin da za su sa a ƙasa. Tun daga nan ta ɗauki alkawarin irinta ba zai sake kwana a gida ɗaya ba. Yaya ce ta gaje ta. Kowace kaka takan zaɓi zangarniyar da ta fi ƙoshi, da wake da riɗi da kuɓewa da yakuwa, ta raba, ta kawo kashi ɗaya Daura, ta ɗauki namu ta tafi da shi Zango. Kuma kafin ruwa ya sauka sai ta ɗebi 'yan ƙwayoyi ta jiƙa a tsumma ta ga ko za su tsira. Ba ta yarda da iri don kawai yana cikin tukunya.

Na kunna mata waƙar niƙa ta Inna, ta saurara har ƙarshe tana kaɗa kai. Sai ta tambaye ni ina kuma aka ajiye, ban da cikin wannan abin. Na ce ai Bashir ya kai intanet. Ta ce ina ne nan, na ce wani wuri ne dai mai nisa, a tsare yake.

"To, kunno min daga can in ji," in ji ta.

Na ce ba haka ake yi ba, da kansa yake tafiya, ba sai an duba ba.

"Ai ban ce ƙarya yake ba, Sule. Na ce ka ɗebo min kaɗan in ji ko ya tsira."

Ban iya ba. Na nemi lambar sirrin na rasa inda na sa ta. Ta ce ba komai, ta jira mai abin. Da Bashir ya zo ƙarshen mako ya buɗe don ya nuna wa Gwaggonsa, sai na ga ya ƙura wa allon ido. Ashe tun da datar da ya saka ta ƙare abin ya tsaya, da na sake sayen wata kuma bai tashi ba, yana jiran a danna wani wuri da ban san da shi ba. Hirar makon farko kawai ta isa can. Duk sauran, aikin watanni, a cikin tsohuwar kwamfutar nan kaɗai suke zaune.

A nan ne nake so ku san yayanku. Yaro ne mai ji da iliminsa, kuma yana da hujjar ji da shi. Da ya ga dama da ya ce laifina ne, da kuwa bai yi ƙarya ba. Kunya dai ta kama shi, na gani, ya fita zaure ya daɗe. Da ya dawo sai ya jawo kujera 'yar tsugunno ya zauna gaban Gwaggonsa, ya ce ta faɗa masa yadda take yi da irinta, daga farko har ƙarshe. Ta faɗa masa. Ya saurara kamar ɗalibi, sannan ya juyo gare ni ya ce tsarin da ya yi mai kyau ne, amma wa kansa ya yi shi, a garin da wuta da sabis suke wadace, ga mutumin da ke duba kwamfuta kullum. Ya ce ajiyar da ta fi ita ce wadda mai ita zai iya yi da hannunsa, ya kuma gane in ta lalace.

Zuwansa na gaba ya taho da faifan ajiya guda biyu, kowanne kamar sabulun wanka, mai 'yar igiya da ake soka wa kwamfuta. Ƙa'idar ba ta da yawa. A soka faifai, a kwafe komai a kansa, a buɗe daga cikinsa a kunna a ji murya ta fito, sannan a zare shi, kada a bar shi a jone. Ɗaya ya zauna a gida, ɗaya a Zango, ran Juma'a a yi musaya. Ya sa ni na yi ta maimaitawa a gabansa yana naɗe da hannu, in na kuskure ba ya karɓa, sai dai ya ce in sake. Don kada in rikita su na koma kan keke, na sa mahaifiyarku ta zura min zare, na ɗinka musu jaka, ɗaya ja ɗaya koriya. Idona ya tafi, amma ɗinkin bai karkace ba. Bashir ya tambayi Gwaggonsa inda za ta ajiye, don abin ba ya son laima da zafi. Ta ce za ta naɗe shi a leda ta sa a langa mai murfi, langar kuma ta shiga babbar tukunyar irinta da ke kan dakali a ƙuryar ɗaki. Ya yi dariya ya ce ofishinsu ma bai fi haka ba.

Abin ya ci min wani abu, kada ku ɗauka a sauƙaƙe aka yi. Majalisarmu ta bayan Juma'a, inda na yi shekaru ina gyara duniya da baki, ita na bari. Ana sallamewa sai tasha, in matsu a motar Zango tsakanin buhuna da masu kiba, gwiwata tana kuka. Abokaina suka sa min suna direban sabulu. Wata Juma'ar in ce yau kam na gaji, sai waya ta yi ƙara, Yaya ce, ba za ta ce komai ba sai "na dama fura." Kun san ma'anar. In na isa kuwa ba ta karɓar jaka sai an kai ta gidan wani malamin makaranta maƙwabcinsu mai kwamfuta, an kunna ta ji muryar Inna da kunnenta. Na ce mata ai na gwada a gida. Ta ce a gida na gwada, hanya kuma ban san me ta yi masa ba. Na ji haushi a lokacin. Amma ni da yayata da muke haɗuwa daga suna sai biki, a shekarar nan muka koma cin tuwo a kwano ɗaya, har na san sunayen awakinta.

Da damina ta kama jikin Inna ya yi rauni. Wata safiya na zauna da rakoda kamar kullum, ta ce in tura ƙofa. Ta yi shiru har na zaci barci ya ɗauke ta. Sai ta fara magana a kan 'yar farinta, yadda ta haife ta a shekarar yunwa, yadda take tashi ta duba numfashinta in surukarta ba ta gani. Sannan na ji abin da ban taɓa ji ba tun da na zo duniya: ta kira sunan. Da ta gama ta ce in kashe.

"Wannan nata ne," ta ce. "Amma kada ka kunna mata ina raye. Ba zan iya haɗa ido da ita ba."

Na juye shi a kwamfuta a ranar, na goge rakodar kamar yadda na saba. Juma'ar da ta biyo ban je Zango ba, saboda jikin ya tsananta, Yaya ma ita ce ta taho Daura jinya. Kwanaki kaɗan Allah ya karɓi abarsa.

Kun san yadda gidan makoki yake. Mutane daga Zango, daga Katsina, daga ƙauyukan da ban san muna da dangi a cikinsu ba. Ban ko tuna da kwamfuta ba. Amanar Inna tana raina, amma na ce sai gida ya yi shiru, bayan arba'in, in je Zango mu zauna mu biyu in kunna mata. Ranar da aka yi addu'ar bakwai baƙi suka fara watsewa, Yaya ta ɗaure kayanta, mota tana jira a ƙofar gida. Sai ga ta a ƙofar ɗakina da koriyar jaka a hannu. Ashe da ta taho jinya ta ɗauko ta a ƙasan kayanta. Ta ce in kwafe abin da ya taru a kan faifan jar jaka da ke gida, ta tafi da shi, na koriyar ya zauna.

Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye ba. Na ce Yaya, uwarmu ko ƙasar kabarinta ba ta bushe ba, ke ta faifai kike? Na ce ta bari sai wani makon. Mai mota yana ta danna oda, mahaifiyarku tana ba ta haƙuri. Ta ajiye ƙullin kayanta a ƙasa ta zauna a kan dokin ƙofa.

"Sule, wancan ɗakin da muka kai ta ba mu da iko da shi. Wannan kuwa muna da shi. Ba zan tafi in bar ta a gida ɗaya ba."

Na kunna kwamfutar, na soka faifan, muka zauna muna kallon 'yar alamar tana tafiya a hankali har ta cika. Ta ce in kunna ta ji. Na zaɓi waƙar niƙa, na kauce wa na ƙarshen da Inna ta ba ni amana. Muryar Inna ta cika ɗakin, duk muka sunkuyar da kai. Yaya ta karɓi jar jakar ta cusa a ƙugunta ta ɗaure, ta fita ba ta waiwayo ba. Faifan koriyar jakar na jefa shi a aljihun tebur, ban kwafa masa komai ba, na ce sai na huce.

Ba a yi arba'in ba aka yi ruwan nan da har yanzu ake kwatance da shi a unguwarmu. Ya fara tun azahar. Muna masallaci la'asar aka aiko a kira ni. Tsohon soron da nake ajiye kayana, wanda na yi ta cewa za a yi masa yaɓe in an sami sarari, azararsa ta karye, rufin ya zauna a kan teburin. Ba wanda ya ji ciwo, alhamdu lillahi. Da aka tone, kwamfutar ta dare biyu, laka ta cika ta. Aljihun teburin ya zama kwatami, rakoda da koriyar jaka suna kwance a ciki. Na tsaya cikin ruwan da jakar a hannuna tana ɗiga. Ban yi tunanin waƙoƙi ko tarihin dangi ba. Abu ɗaya ne a raina: Inna ta haɗiye sunan nan shekara saba'in, ta furta shi sau ɗaya ta ba ni riƙo. Na ji tsoron da ban ji ba ko ranar da ta rasu.

Bashir ya taso daga Kano washegari. Ya duba ya ce kwamfutar da faifan koriyar jakar sai dai haƙuri. Muka shiga motar Zango da tasa kwamfutar a jaka. Ina ta tambayar kaina ko na kwafi na ƙarshen, ko cikin fushin nan na tsallake shi.

Mun sami Yaya tana tsince wake a tsakar gida. Ta ji labarin, ta jajanta, ta tambayi lafiyar mutanen gida ɗaya bayan ɗaya kamar ba abin da ke cin mu. Sai da muka sha ruwa ta shiga ƙurya. Muka ji ta ɗaga murfin tukunya. Ta fito da langa, ta buɗe, ta warware ledar, ga jar jaka a bushe, tana ƙanshin riɗi. Bashir ya zaro faifan ya soka shi. Sunayen hirarrakin suka jero a allon, na sa shi ya gangara har ƙasa. Na ƙarshen yana nan.

Na ce wa Bashir ya danna shi ya ba mu wuri. Na ce Yaya, zauna, wannan Inna ta ce naki ne. Ta dube ni, ta zauna a bakin tabarma da faifan wakenta a cinya. Aka ji ƙarar tura ƙofa, aka ji dogon shirun nan, sannan Inna ta fara, a hankali, tana hutawa tsakanin kalmomi. Hannun Yaya ya ci gaba da tsintar wake har zuwa inda muryar ta ce:

"Habi. Habiba. Ban taɓa ba ki abu ya ɓata ba. Allah ya yi miki albarka, 'yata."

Hannun ya tsaya. Ba ta yi kuka ba, ba ta kalle ni ba. Akuya ta zo ta sa baki a waken, ba ta kore ta ba. Mun daɗe a haka har kwamfutar ta yi shiru da kanta. Can ta gyara mayafinta ta matso kusa da allon, kamar mai gudun kada wani ya ji.

"Sule," ta ce, "mai da shi baya kaɗan. Wajen sunan."